Ɗanka Ya Samu Saikoloji A Jami'a? Kada Ka Yi Saurin Cewa A Sake JAMB



A taronmu na wata-wata da ya gabata, bayan an gama maganar gyaran kwalbati da kuɗin 'yan sintiri, wani dattijo cikin membobinmu ya ɗaga hannu ya ce yana da matsala ta cikin gida da yake son jama'a su ba shi shawara a kai. 'Yarsa ta zauna jarrabawar JAMB sau biyu tana neman likitanci. Karo na farko makin bai kai ba. Karo na biyu ma bai kai na likitanci ba, amma da ta yi canjin kwas sai jami'a ta ba ta gurbi a sashen saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Yarinyar tana son tafiya. Shi kuma ya ce ta haƙura ta zauna ta sake jarrabawar karo na uku.

Ya ce, "Ni fa ban san abin da za ta zama ba in ta gama. Ko duba za ta riƙa yi wa mutane?"

Aka yi dariya. Amma da dariyar ta lafa, babu ko ɗaya daga cikinmu da ya iya ba shi amsa mai gamsarwa. Wani ya ce kwas ɗin likitocin mahaukata ne. Wani ya ce shi ake ba yaran da suka rasa komai. Wani matashi ya ce masu karanta shi suna gane abin da ke zuciyar mutum da kallo ɗaya. Duk ukun ba daidai ba ne, kuma mu kanmu a lokacin ba mu da abin da ya fi nasu.

Shi ya sa muka ɗauki abin a matsayin aikin gida. Mun yi tambaya, mun yi karatu gwargwadon iko, ga shi mun dawo da abin da muka samo. Dattijon ya amince a yi maganar a nan muddin ba a ambaci sunansa ba, domin mun tabbata ba gidansa kaɗai ake wannan muhawara ba a bana. Matsayinmu shi ne: Alhaji, a bar yarinyar nan ta tafi. Sai dai ta tafi da idonta a buɗe, ku ma ku sake ta da idonku a buɗe. Ga dalilanmu.

Mene ne ake karantawa a cikinsa?

Saikoloji ilimi ne na binciken yadda mutum yake tunani, yadda yake ji a ransa, da dalilin da ya sa yake aikata abin da yake aikatawa. Babu duba a ciki, babu karanta zuciya. Ana bi ne ta hanyar gwaji da ƙididdiga, kamar sauran fannonin kimiyya. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Wundt ne ya buɗe ɗakin gwajin farko na wannan fanni a garin Leipzig a 1879. A Najeriya kuwa, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe masa sashe a 1964. Ke nan sama da shekara sittin ana koyar da shi a ƙasar nan, mu ne dai labarin bai iso mana da wuri ba.

Karatun shekara huɗu ne. A ciki ɗalibi zai koyi yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke aiki, yadda yaro yake girma a tunani daga goyo har ya balaga, yadda ake koyo da yadda ake mantuwa, yadda taron jama'a yake canza halin mutum ɗaya, ire-iren lalurorin ƙwaƙwalwa da alamominsu, da yadda ake auna basira da ɗabi'a ta hanyar gwaje-gwajen da aka tsara. Akwai kuma ɓangaren ma'aikata da wuraren aiki. A shekarar ƙarshe ɗalibi zai yi binciken kansa, ya tattara bayanai daga mutane, ya yi lissafi, ya rubuta, ya tsaya gaban malamai ya kare.

A nan ne za mu fara yin gargaɗi. Duk yaron da ya zaɓi saikoloji don gudun lissafi, to ya gudu bai tsira ba. Ilimin ƙididdiga da hanyoyin bincike suna nan suna jiransa tun daga shekarun farko, kuma nan ne ɗalibai da yawa suke shan wuya. Haka nan akwai karatun Turanci mai yawa. Wanda ba ya son zama da littafi, ya nemi wani kwas ɗin.

Ba likita ba ce, kuma kada a kira ta likita

Wannan shi ne abin da ya fi rikita mu a wurin taro. Likitan ƙwaƙwalwa daban, masanin halayyar ɗan Adam daban. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya yi karatun likitanci na shekara shida, ya yi aikin koyo a asibiti, sannan ya ƙara wasu shekarun yana ƙwarewa a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Shi ne yake rubuta magani da allura. Wanda ya karanta saikoloji ba ya rubuta magani. Aikinsa shi ne ya zauna da mutum, ya saurare shi, ya yi masa gwaji, ya gano inda matsalar take, sannan ya bi da shi ta hanyar tattaunawa da aka tsara, zama bayan zama, har ya samu sauƙi ko ya canza ɗabi'ar da ke cutar da shi.

Ko wannan ɗin ma digiri na farko bai isa a yi shi ba. Mai son duba marasa lafiya a asibiti sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren saikoloji na asibiti, ya kuma yi aikin koyo a ƙarƙashin ƙwararru. A manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin su na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, likita da masanin halayya da ma'aikacin jinya da jami'in walwalar jama'a tare suke aiki a kan majinyaci ɗaya. Kowa da nasa ɓangaren.

Mun faɗi wannan ne tun da wuri don kada yarinya ta dawo hutun shekarar farko mutanen unguwa su fara kawo mata marasa lafiya suna kiranta dakta, ita ma ta ji daɗin sunan ta fara abin da ba ta iya ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Me ya sa muke cewa garinmu na buƙatarsa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu duba Suleja da jiharmu ta Neja cikin 'yan shekarun nan.

A watan Afrilun 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a nan Suleja. Ranar Kirsimeti ta wannan shekarar wani ya tashi a cocin Madalla. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai a Kagara, a ƙarshen Mayun shekarar aka kwashe yara sama da ɗari daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A Janairun 2025 tankar mai ta yi bindiga a mahaɗar Dikko, mutum fiye da 80 suka rasu, da yawa a gaban idon 'yan uwansu. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta cinye unguwanni a Mokwa. Ban da 'yan uwanmu da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga suka zo suka raɓe a gidajen dangi.

A duk waɗannan mun yi abin da muka iya: jana'iza, ta'aziyya, addu'a, tallafin abinci da sutura. Wanda ya ƙone an kai shi asibiti an wanke ciwo. To amma yaron da ya dawo daga hannun 'yan bindiga ya daina magana fa? Matar da ba ta iya barci sai ta yi firgita fa? Magidancin da tun ranar Dikko ba ya iya jin warin fetur gabansa bai faɗi ba fa? Mukan ce su yi haƙuri, kuma haƙuri babban abu ne. Sai dai akwai ciwon da ke buƙatar wanda ya san hanyar jinyarsa, kamar yadda karaya ke buƙatar mai ɗori ko da mai ita ya fi kowa haƙuri.

Sai maganar shaye-shaye, wadda babu wanda zai ce bai gani ba a lungunanmu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani nau'in ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu daga cikinsu mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC da ya tona yadda abin ya yi yawa. An hana kodin, yara sun koma wasu abubuwan. Dalili kuwa shi ne an ɗauke kwalbar, amma abin da ya kai yaron ga kwalbar yana nan.

Idan yaro ya faɗa wannan hali, ina muke kai shi? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ko a yi ta dukansa, ko a kulle shi a ɗaki, ko a kai shi gidan mari. Duk mun tuna watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, kuma bayan 'yan makonni aka samu irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙin su suke yi ba. Sun rasa inda za su kai su ne. Muddin babu wata ƙofar da za a ƙwanƙwasa, waccan ƙofar za a ci gaba da ƙwanƙwasawa.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958 ta zamanin Turawa. Dokar ta tanadi kare mutuncin masu lalurar da haƙƙinsu na samun jinya. Amma doka a takarda ba ta jinya, mutane ne ke yi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha nanata cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, ga kuma masu ficewa ƙasashen waje. Waɗannan 'yan kaɗan ba za su iya ɗaukar kayan su kaɗai ba.

Jinyar da ake yi da baki

Ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurinmu. Idan cikinka ke ciwo, likita Ba'indiye ko Bamisire zai iya yi maka aiki ko da ba ku jin yaren juna. Hoto da gwajin jini za su yi magana a madadinka. Wannan fannin kuwa kayan aikinsa magana ce. Da baki ake gano ciwon, da baki ake jinyarsa.

Bahaushiya ba ta zuwa ta ce tana da ciwon damuwa. Cewa za ta yi gabanta na yawan faɗuwa, ko kanta na ɗaukar zafi, ko wani abu na yawo a jikinta, ko tunani ya yi mata yawa. Wata ma za ta ce "lafiya lau, alhamdu lillahi" hawaye na zuba. Wanda bai tashi cikinmu ba zai rubuta mata maganin zazzaɓi ya sallame ta. Wanda ya san abin da kunya take nufi a wurinmu, ya san zaman kishi, ya san nauyin uwar miji, ya san halin da mai jego kan shiga ta kasa faɗa wa kowa don kada a ce ba ta gode wa Allah ba, shi ne zai ji abin da ba a faɗa ba. Kuma ba sirrin da za a faɗa ta bakin tafinta ba ne, musamman in tafintan ɗan unguwa ne.

Yanzu mu tambayi kanmu: matan Chaza nawa ne za su zauna gaban baƙon namiji su zayyana masa abin da ke tsakaninsu da mazajensu da Turanci? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan ba mu tura 'ya'yanmu mata sun karanta wannan fanni ba, wa muke jira ya turo mana nasa? Shekarun baya haka muka yi da aikin jinya da unguwarzoma. Muka ƙi tura 'ya'yanmu, sannan muka dawo muna ƙorafin cewa babu namu a ɗakin haihuwa. Bai kamata mu sake faɗawa rami ɗaya sau biyu ba.

To, aikin yi fa?

Wannan ita ce ainihin damuwar Alhaji, kuma yana da gaskiya. Uban da zai biya kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci shekara huɗu, a wannan tsadar rayuwar, yana da haƙƙin ya tambayi abin da zai biyo baya. Ba za mu yi masa daɗin baki ba.

Wanda ya karanta likitanci ko aikin jinya ko haɗa magunguna yana fitowa da lasisi, hanyarsa a shimfiɗe take. Mai digirin farko na saikoloji ba haka yake ba. Ranar da ya gama bautar ƙasa zai shiga layi ɗaya da masu digirin ilimin zamantakewa da kimiyyar siyasa da sauransu. Babu ofishin da ya ajiye masa kujera. Akwai waɗanda suka karanta shi suna zaune babu aiki, kamar yadda akwai injiniyoyi da masu digirin tattalin arziki da ke zaune.

Amma ƙofofi suna nan ga wanda ya shirya. Hukumomin masu kaki, irin su soja da 'yan sanda da hukumar gidajen gyaran hali da NDLEA, suna ɗaukar masu wannan ilimi, har Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna tana da sashensa. Kamfanoni da bankuna suna amfani da su a sashen ɗaukar ma'aikata da horar da su, da binciken abin da masu sayen kaya suke so. Makarantu na buƙatar masu ba ɗalibai shawara, kuma wanda ya ƙara difloma ta koyarwa ta bayan digiri ya yi rajista da hukumar malamai zai iya shiga aji. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira a Arewa suna neman masu wannan ilimi da ke jin Hausa, sai dai a sani kuɗinsu daga waje yake zuwa, yana iya tsayawa dare ɗaya, kamar yadda aka gani a 2025 da Amurka ta janye tallafi da yawa. Mu kuma Allah ya ajiye mu a bakin Abuja. Kullum da asuba dubban mutanenmu ke bi ta Madalla da Zuba su tafi aiki can, inda hedikwatar yawancin waɗannan hukumomi da ƙungiyoyi take. Yaron Suleja yana da wannan damar da yaran garuruwa da yawa ba su da ita.

A ɗaya gefen kuma, a auna abin da zaman gida zai ci. Guraben likitanci ƙalilan ne, masu nema kuwa dubbai, har masu maki mai yawa ana barinsu kowace shekara. Babu tabbacin karo na uku zai bambanta da na biyu. Yarinyar da ta zauna shekara uku ƙawayenta suna gaba, karatun yakan fita daga ranta, kuma mun san gidajen da aka fara da "bari a sake JAMB" aka ƙare babu likitancin, babu digirin. Idan da makinta ya kusa kaiwa sosai, kuma ita ce da kanta ta dage sai likitanci, da mun ce a bar ta ta sake gwadawa. Amma a nan ita ce ke son tafiya.

Tsoron kada imani ya gurɓace

Wani malami cikin membobinmu ya kawo wannan, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Gaskiya ne wasu daga cikin magabatan wannan fanni a Turai, irin su Sigmund Freud, ba su ɗauki addini da daraja ba, kuma ɗalibi zai karanta ra'ayoyinsu don cin jarrabawa. Amma sanin ra'ayin mutum daban, bin sa daban, kuma fannin kansa ya daɗe da wuce yawancin maganganun Freud.

Sannan binciken ciwon rai bai fara daga Turai ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da ke da sanadi a fili da wanda ke saukar wa mutum babu dalilin da aka sani. A zamaninmu Farfesa Malik Badri ɗan ƙasar Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya shafe rayuwarsa yana nuna yadda Musulmi zai ɗauki abin da bincike ya tabbatar ya ajiye abin da ra'ayin mutum ne kawai. A nan gida ma, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta a 1954, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya a maimakon ya kore su. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Darasin a nan shi ne, babu wanda ya ce a daina addu'a ko a daina zuwa wurin malamai. Abin da muke buƙata shi ne yaranmu da suka yi Islamiyya suka kuma yi wannan karatu, waɗanda liman zai iya cewa "wannan ku kai shi wurin wance", su kuma su san lokacin da za su ce "wannan sai an haɗa da likita". Yaron da aka gina da tarbiyya tun daga gida ba saikoloji ne zai rushe shi ba.

Shawara ga ɗalibai da iyaye

Na ɗaya, a tabbatar yaron yana son abin. Wannan aiki ne na sauraro da riƙe sirri. Mai surutu da wanda ba ya iya ganin kukan mutum ya daure, zai wahala.

Na biyu, a duba sharuɗɗan shiga da kyau. Galibi ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, wasu jami'o'in suna ƙarawa da Bayoloji. Sharaɗin yana bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan, don haka a buɗe kundin JAMB a karanta da ido, kada a dogara da maganar mai shagon kwamfuta. A kuma tabbatar hukumar jami'o'i ta ƙasa ta amince da kwas ɗin a jami'ar da za a je. Daga cikin na kusa da mu masu wannan sashe akwai Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da Jami'ar Jos, da ta jihar Binuwai a Makurɗi. A lura kuma, akwai wani kwas ɗan uwansa a tsangayar ilimi, na halayyar ɗalibai da ba da shawara, kamar wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi ya fi karkata ga aikin makaranta. A san wanda aka cike tun kafin a biya kuɗi.

Na uku, ɗalibi ya sa a ransa tun daga ajin farko cewa sakamako mai kyau yake nema, domin shi ne zai buɗe masa ƙofar digiri na biyu. Iyaye su ma su yi lissafin shekara shida zuwa bakwai idan aikin asibiti ake nufi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, kada a fito da takarda ita kaɗai. A koyi kwamfuta da manhajojin ƙididdiga sosai, a gyara rubutun Turanci, a kuma riƙe Hausa da kyau, har da Gbagyi ko Nufanci ga wanda yake ji. Lokacin hutu a nemi wurin aikin sa kai a asibiti ko makaranta ko gidan marayu. Mai neman ma'aikaci yakan tambayi abin da ka taɓa yi kafin ya kalli sakamakonka.

Na biyar, maganar kuɗi. Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne, ba kyauta ba, amma ya fi a ajiye gurbi saboda kuɗin rajista.

Abin da ya rage gare mu a ƙungiyance

Yawancinmu da ke riƙe da wannan ƙungiya a difloma ko sakandare muka tsaya, kuma a zamaninmu babu wanda ya zaunar da mu ya bayyana mana kwasa-kwasai. Abin da aka sani shi ne likita, lauya, injiniya. Bai kamata 'ya'yanmu su gaji wannan duhun ba. Saboda haka za mu gabatar da abu uku a taro mai zuwa. Na farko, a riƙa shirya zaman wayar da kai kowace shekara kafin a fara sayar da fom ɗin JAMB, a gayyato 'ya'yan unguwa da ke jami'a su bayyana abin da suke karantawa a gaban iyaye. Na biyu, idan za a raba ɗan tallafin karatu da muke tarawa, kada a fifita masu likitanci da lauyanci kawai, a sa masu irin wannan fanni a lissafi. Na uku, duk wanda ƙungiya ta tallafa wa ya yi alƙawarin ba unguwa wani lokaci a hutunsa, ko da zama da yaran sakandare ne a kan illar shaye-shaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alhaji, kun nemi shawara a gaban jama'a, ga tamu a gaban jama'a. Hukunci naku ne, domin ku ne uba, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Roƙonmu kawai shi ne ku zaunar da ita ku tambaye ta dalilin da ya sa take son kwas ɗin, ku saurara har ta gama. Idan amsarta ta gamsar da ku, ku sa mata albarka ta tafi kafin a rufe rajista.

Duk ɗan unguwar nan da ya karanta saikoloji ko yake karantawa, namiji ko mace, muna roƙonsa ya zo taro mai zuwa ya gyara mana inda muka yi kuskure, ya kuma ƙara wa iyaye bayani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa abin da suke karantawa ya amfane su ya amfani al'umma, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
Chaza, Suleja.